Mazan Jiya a Kan Sikelin Yau

A ƙasar Mafara ba a nisa cikin hirar dambe sai an kira sunan Shago. Daga Talata Mafara zuwa Bakura, daga Maradun zuwa Tsibiri, dattijon da ya tashi da kiɗan Ɗan Anace a kunnensa ba ya yarda a jera gwaninsa da kowa. A wurinsa 'yan damben yanzu yara ne masu yawan tsalle, waɗanda da sun tsaya gaban Shago ko Ɗandunawa da turmin farko bai cika ba an ɗauke su. Saurayin da ke kallon damben gidan Ali Zuma na Dei-Dei a wayarsa kuwa sai ya yi murmushi ya ce: "Baba, ai na da tsayuwa kawai suka iya. Na yanzu kafin ka ɗaga hannu sun bar wurin."

Irin wannan gardama tana nan daram a damben boko, kuma ta fi daɗi a ajin da ake kira bantam, na masu ƙaramin jiki waɗanda nauyinsu bai wuce laba 118 ba, wato kilo 53.5. Abin da ya sake hura wutarta shi ne Naoya Inoue na Japan. Ranar 13 ga Disamba 2022 a Tokyo ya gama da Paul Butler na Ingila a turmi na 11, ya haɗa kambunan duniya huɗu na ajin, na WBA da WBC da IBF da WBO, a damben da ya zama na 24 a rayuwarsa ta sana'a, kuma ba a taɓa cin sa ba. Nan take masu tsohon tarihi suka fara jero nasu: George Dixon na Kanada, baƙar fata na farko da ya riƙe kambun duniya, wanda ya doke Nunc Wallace a Landan a 1890, Terry McGovern na Amurka, wanda ya kashe Pedlar Palmer a turmin farko a 1899, da Panama Al Brown, dogon da ya karɓi kambun a 1929 ya riƙe shi har 1935. Tambayar ita ce, in da za a tashe su a sa su gaban Inoue, wa zai kashe wani?

Tun kafin a shiga fage, shaidun da kowane ɓangare ke kawowa suna da tangarɗa. Mafi yawan abin da ke hannun mutane game da Shago waƙa ce da labarin baka, kuma aikin makaɗi ba awo ba ne. Ɗan Anace ya ɗauki kalangu ne don ya sa tsikar jikin gwaninsa ta tashi, ya kuma karya zuciyar abokin karawa tun kafin a ɗaure hannu. Wanda ya san Shago ta waƙa, to Shagon da ya sani ya ɗara na zahiri tsawo. Su Dixon da McGovern kuwa akasin haka ya same su. Ɗan guntun fim ɗin da ya saura daga zamaninsu an ɗauke shi da na'urar da ake juyawa da hannu, daga nesa, hoto yana tsalle yana yankewa, sai ƙwararren mutum ya fito tamkar mai koyo. Waƙa ta ƙara wa wancan, tsohon fim ya rage wa waɗannan, shi kuma Inoue ana kallonsa ta kyamarori da yawa, ana maimaita kowane naushi a hankali har a ga zufa tana fallatsa. Duk wanda ya yanke hukunci da abin da idonsa ya gani kawai, ya riga ya ba na yanzu turmi biyu kyauta.

Babbar magana, wadda masu gardamar suka fi tsallakewa, ita ce sikeli.

Duk mai auna shinkafa a kasuwar Talata ya san cewa kwano biyu na iya amsa sunan tiya alhali cikinsu ba ɗaya ba ne. Haka sunan bantam yake. A zamanin Dixon iyakar ajin ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Ta yi ta yawo tsakanin laba 105 da 116, gwargwadon abin da ɓangarorin biyu suka shirya, kafin daga baya a tsayar da ita a 118. Kuma a ranar damben ake hawa sikeli, wani lokaci ma a bakin fage. Nauyin da aka rubuta wa mutum shi ne nauyin da zai yi faɗa da shi. Yanzu kuwa jajibirin dambe ake awo. An kawo wannan sauyi ne da kyakkyawar niyya, don mutum ya samu lokacin mayar da ruwan jikinsa kafin a fara dukan kansa. Amma 'yan dambe da masu horar da su suka ga ƙofa. Mutumin da nauyinsa na yau da kullum ya kai kilo 60 ko ya wuce sai ya shafe makonni yana rage ci, a kwanakin ƙarshe ya daina shan ruwa, ya yi ta zufa cikin rigar leda, ya hau sikeli fuska a zabge, ido a rame, allura ta nuna 53.5. Yana sauka ana miƙa masa gora. Kafin gobe da dare ya mayar da kilo huɗu, biyar ko fiye. Abin ya yi yawan da hukumar IBF ta sa dokar sake awo da safiyar ranar dambe, inda ba a yarda mutum ya ɗara iyakar ajin da fiye da laba 10 ba.

Ma'anar wannan a fili take. Dixon, mai tsawon kusan mita 1.61, in ya zo yau da jikinsa na 1890, ba a bantam za a sa shi ba. Ajin da ke ƙasa da shi da hawa biyu ko uku ne wurinsa. Haɗa shi da Junto Nakatani, bahagon Japan mai tsawon kusan mita 1.73 wanda ya karɓi kambun WBC na bantam a hannun Alexandro Santiago a Fabrairun 2024, haɗin ƙato da ƙaramin mutum ne da aka lulluɓe da suna ɗaya. Wanda ya ce Nakatani zai ci, bai faɗi komai game da iya dambe ba tukuna.

Mutanen Tsibiri sun fi kowa cancantar su gane wannan, domin damben da suka gada bai san sikeli ba sam. Da kaka, bayan an shigar da amfanin gona, 'yan dambe, da yawansu 'ya'yan mahauta, kan bi gari-gari da makaɗansu. Ido da suna ne ke haɗa dambe. In ka ji ka isa, ka fita ka taka wanda kake so. In manya suka ga ba sa'anka ba ne, su hana. Ƙaramin mutum mai zafin hannu kan kayar da ƙato, kuma irin wannan kisa shi ke shiga waƙa. Sai a 'yan shekarun nan da kamfanoni irin su African Warriors Fighting Championship suka shigo da kyamara da kwangila aka ga ana raba 'yan dambe aji-aji bisa nauyi. Ɗan damben da ya tashi cikin wannan tsari ya fi samun kariya, amma bai taɓa fuskantar abin da na da ya saba da shi ba, wato tsayawa gaban wanda ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, da sanin cewa hannu ɗaya in ya shiga an gama.

Bayan sikeli sai doka. Tun daga dokokin Queensberry da aka buga a 1867, turmin damben boko minti uku ne, hutu minti ɗaya, wanda ya faɗi a ƙirga masa goma. Amma yawan turamen ya sha bamban. A Fabrairun 1890 a Boston, Dixon ya yi turmi 70 da Cal McCarthy, fiye da awa huɗu, aka tashi babu kisa. Turmi 20 ko 25 ba abin mamaki ba ne a lokacin. Daga baya damben kambu ya tsaya a 15, har zuwa lokacin da Duk Koo Kim na Koriya ta Kudu ya rasu 'yan kwanaki bayan karawarsa da Ray Mancini a Las Vegas a Nuwamban 1982. Wannan mutuwa ta sa WBC ta rage zuwa 12, sauran hukumomi suka bi sahu. Zakaran yau ya gina jikinsa ne a kan minti 36 na wuta. Wanda ya san zai iya kai awa uku yana faɗa, dole ya yi tsimin numfashi, ya jefa naushi ɗaya ko biyu ya riƙe, ya jingina, ya jira. Abin da saurayin yau ke kira nawa a tsohon fim, sau da yawa lissafi ne.

Safar hannu ma ta sauya komai. Ta zamanin Dixon siririya ce, ba ta da abin kirki a ciki. Ta bantam ɗin yau oza 8 ce, a kan hannun da aka naɗe da bandeji da filasta har ya zama dunƙule guda. Mai siririyar safa in ya yi ta dukan ƙoƙon kai, hannunsa ne zai fara karyewa, shi ya sa na da suka fi neman ciki da haƙarƙari, suke tsayawa a miƙe da kai a janye baya. Ba kuma za su iya ɓuya bayan safar ba, domin babu faɗin da zai rufe fuska. Na yau yana haɗa safofinsa biyu ya yi katanga, ya saki naushi biyar a jere ba tare da tsoron yatsunsa ba. Alƙalan wancan zamani sukan ƙyale mutum ya riƙe da hannu ɗaya ya yi duka da ɗayan, kuma kafin a kafa dokar komawa kusurwa, wanda ya kayar da abokin karawarsa kan tsaya a kansa yana jiran ya ɗago. McGovern ya ci abinci da irin wannan dambe na turmutsitsi. In ya yi shi yau, kafin turmi na uku an fara zare masa maki.

Haka tsayuwar ɗan damben gargajiya take: ƙafa a ware, jiki a sunkuye, hannun tsaro a miƙe gaba da tafi a buɗe, wanda aka ɗaure da zare kuwa a can baya yana jiran rana. Mai kallon damben boko zai ce wannan mutum a buɗe yake. Amma a fagen da gwiwa ko hannu in ya taɓa ƙasa an yi kisa, ba ƙirga, ba maki, ba tashi a rama, babu abin da ya fi a kafa ƙafa da kyau muhimmanci. Kowace tsayuwa 'yar dokarta ce. Ɗan damben yanzu da ya saba da gidan dambe, yana wasa safe da yamma duk shekara, yana kallon bidiyon abokin karawarsa, yana neman mota ko babur a gasa, ya fi na da sauri da yawan dabara, kuma a turmi uku da ake ƙayyade wa lokaci zai wahalar da shi ƙwarai. Sai dai damben gargajiya bai sauya ƙa'idarsa ta asali ba. Tunda naushi ɗaya ke raba gardama, mai nauyin hannu da sanyin zuciya irin wanda ake ba da labarin Shago da shi yana da dama a kowane zamani, fiye da damar da Dixon zai samu a Tokyo.

Masu goyon bayan na da suna da hujja ɗaya mai ƙarfi da ba a iya turewa: yawan faɗa. Al Brown ya yi dambe fiye da 150. Manuel Ortiz, wanda ya karɓi kambun bantam a 1942, ya kare shi sau takwas a cikin 1943 kaɗai. Zakaran yau in ya yi dambe uku a shekara sai a ce ya yi ƙoƙari. A wancan zamani aji takwas ne kawai, kowanne da sarki ɗaya. Yanzu azuzuwa 17 ne, kowanne da kambuna huɗu, don haka mutum na iya zama zakaran duniya bai taɓa haɗuwa da wanda ya fi kowa a ajinsa ba. Wanda ya yi dambe 150 ya ga bahago, ya ga dogo, ya ga mai kai da gwiwar hannu, ya yi faɗa da karyayyen yatsa a garin da alƙali da 'yan kallo duk ba nasa ba ne. Wannan ilimi ba a samun sa a ɗakin motsa jiki.

Amma hujjar tana da bayanta. Yunwa ce ta sa su yawan faɗan, kuma da yawa cikin waɗannan damben da gajiya da rauni aka shiga su. Dixon ya rasu a New York a 1908 yana da shekara 37, hannunsa babu komai. Al Brown ma a can ya ƙare a 1951, da tarin fuka da talauci. Zakaran yau yana da mai dafa masa abinci da awo, da likita, da watanni biyu ko uku na shiri don mutum ɗaya tak, wanda aka riga aka karance shi a bidiyo. Ranar dambe yana zuwa da dukkan ƙarfinsa. Na da yakan zo da abin da ya saura daga damben makon jiya.

To a haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Dixon da McGovern, in aka ɗauko su yadda suke aka sa su a turmi 12 da dokar yau, Inoue zai ci su, kuma da wuya a je ƙarshe. Bambancin jiki da na yawan naushi ya isa. In aka mayar da Inoue 1899, a auna shi a bakin fage a laba 116, a ba shi siririyar safa da turmi 25, maganar ta sauya, domin ko dai ya shiga a bushe ba ruwa a jikinsa, ko kuma ya kasa yin nauyin gaba ɗaya. Duk da haka mai irin naushinsa na ciki bai rasa abin yi a zamanin da ake girmama dukan ciki.

Al Brown ne ke ɓata wa masu goyon bayan zamani lissafi. Mutum ne mai tsawon aƙalla mita 1.75 da yake yin laba 118 a ranar dambe, ba tare da dabarar jajibiri ba. Ya fi Inoue, mai mita 1.65, tsawo da kusan rabin taƙi, ya kuma ɗara Nakatani. In aka ba shi kwana ɗaya na mayar da ruwa da abincin kirki, shi ne zai zama ƙaton a fagen. Dogon hannunsa na hagu zai tsare hanya, kuma a zamaninsa, na tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, dambe ya riga ya ɗauki kamannin da aka san shi da su yau. Wannan dambe na kare jini biri jini ne, kuma mai wannan sharhi ba zai sa ko sisi a kan kowa ba.

Da aka matso kusa, gardamar ma sai ta fara rasa kai. Eder Jofre na Birazil, wanda ya mulki ajin daga 1960 zuwa 1965, ya ci dambe 72, 50 daga ciki kisa ne, kuma mutum ɗaya ne ya taɓa doke shi, Fighting Harada na Japan, sau biyu, duka da maki. Jofre ya sha wuya wajen sauke nauyi a ranar dambe; tsarin yau da ya zame masa rahama. Ya ajiye safa, ya dawo, ya ci kambun ajin gaba a 1973 yana da shekara 37. Babu wani abu a hannun zakaran yau da Jofre bai sani ba. Hogan Bassey na Kalaba, wanda ya fara tashe a ƙananan azuzuwa a Legas kafin ya koma Liverpool, ya kuma doke Cherif Hamia a Paris a Yunin 1957 ya zama ɗan Nijeriya na farko mai kambun duniya, a ajin laba 126 ya yi sarauta. Da awon jajibiri, jiki irin nasa shi ne ake matsewa a saukar ƙasa yau, wato yana iya zama shi ne zai tsaya gaban su Inoue, ba Dixon ba.

Akwai dare ɗaya da ya fi duk wani hasashe amfani. Ranar 7 ga Nuwamba 2019 a Saitama, Inoue ya haɗu da Nonito Donaire na Filifin, mai shekara 36, wanda mutane da yawa suka ɗauka ya zo karɓar sallama ne. A turmi na biyu Donaire ya lanƙwasa hannun hagu ya same shi a idon dama. Fata ta tsage, ƙashin kwarmin idon ya fashe, Inoue ya yi sauran damben yana ganin mutum biyu, jini na bin kuncinsa, yana ɗora safa a kan idon don ya rage ruɗewa. A turmi na tara an girgiza shi har ya riƙe. Sai a na 11 ya samu naushin ciki da ya sa Donaire ya zagaya fage ya durƙusa, ya kuma tashi ya ƙarasa. Inoue ya ci da maki. Kayan aikin da Donaire ya zo da su a daren nan, haƙuri, karanta lokaci, da hannun hagu guda mai nauyi, duk Ortiz da Al Brown sun mallake su. Donaire ya sake cin kambun WBC a 2021 yana da shekara 38, kafin Inoue ya gama da shi a turmi na biyu a karawarsu ta 2022, bayan ya zauna ya karanci abin da ya same shi a karon farko.

Shi kansa Inoue bai daɗe a kan gadon ba. Wata ɗaya bayan ya haɗa kambunan huɗu, a Janairun 2023, ya ajiye su duka ya hau ajin laba 122, inda ya doke Stephen Fulton a Yuli da Marlon Tapales a Disamba, ya sake haɗa huɗu a shekara guda. Ya taso ne tun daga laba 108, bantam zango ne kawai a hanyarsa. Ortiz kuwa ya zauna a laba 118 shekara takwas, ya rasa kambun a hannun Harold Dade a farkon 1947 ya ƙwato shi cikin wata biyu, bai sake sakin sa ba sai a 1950, lokacin da ya bi Vic Toweel har gida Johannesburg aka yi turmi 15 alƙalai suka ba ɗan Afirka ta Kudun.